Gayyar Masana: Yadda Kuɗin Gwamnati Ya Taimaka Wajen Samar Da Kwaɗon Da Ke Tsare Wayoyi Masu Araha

Duk sanda mutum ya buɗe Gmail a wayarsa, ko ya shiga shafin banki, ko ya kunna VPN, akwai wani lissafi da ke gudana a ɓoye wanda ke dagula bayanan kafin su bar wayar. Shi ne ke hana mai shagon da ya raba Wi-Fi, ko wani ma'aikacin kamfanin layi, ganin lambar sirrin da aka rubuta. A wannan rubutu za a riƙa kiran irin wannan lissafi "kwaɗo", lambar da ke buɗe shi kuma "mabuɗi".

Ɗaya daga cikin kwaɗunan da suka fi yawo a wayoyin duniya yau shi ne ChaCha20. Ba ruwansa da caca, sunan wata rawa ce ta Latin Amurka aka laƙaba masa. Yana cikin Chrome, yana cikin Android, yana cikin manhajojin VPN da yawa, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi su suka fi cin moriyarsa. Mutane da dama za su ɗauka Google ne ya ƙera shi. Google ɗaukarsa ya yi a gyare, bayan masana daga ƙasashe daban-daban sun shafe shekaru suna dukan kakansa da guduma a wani aikin gayya da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa da kuɗin harajin jama'a. Labarin yadda haka ta faru ya isa ya nuna abin da irin waɗannan ayyukan bincike na haɗin gwiwa ke saya wa jama'a, da kuma inda suke gazawa.

Kwaɗon da aka ƙera a ɗaki rufe

Kafin a zo kan gayyar, sai an san abin da ya jawo ta. A shekarar 1987, lokacin da ƙasashen Turai ke tsara GSM, an ƙera wani kwaɗo mai suna A5/1 domin kulle kiran waya tsakanin wayar hannu da turken sabis. Masu ƙirar sun ɓoye yadda yake aiki, bisa tunanin cewa abin da ba a sani ba ba za a fasa shi ba. Har ma aka yi masa ƙane mai suna A5/2 wanda aka raunana da gangan domin sayarwa wasu ƙasashe.

Sirrin bai daɗe ba. A 1994 tsarin A5/1 ya fara fallasa, a 1999 kuma wasu masana suka warware shi gaba ɗaya daga cikin wayar kanta. A5/2 bai ko yi wata guda a fili ba aka fasa shi. A 2000, Alex Biryukov da Adi Shamir da David Wagner suka nuna yadda za a fasa A5/1 da kwamfutar tebur. Wato lokacin da GSM ya iso Najeriya a 2001, ana ta layin sayen sim da tsada, kwaɗon da ke tsare kiran ya riga ya tsage a idon masana. Zuwa ƙarshen 2009 wani Bajamushe mai suna Karsten Nohl ya fito da aikin da ya mayar da fasa shi abin da mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya.

Haka labarin RC4 yake, kwaɗon da Ron Rivest ya ƙera a 1987 aka riƙe shi a matsayin sirrin kamfani har ya fallasa a 1994. Da shi aka gina tsaron Wi-Fi na farko mai suna WEP, wanda aka ragargaza a 2001. Duk da haka shafukan intanet suka ci gaba da amfani da shi, sai a 2015 aka haramta shi a hukumance a ƙa'idar da ke tsare shafuka.

Tun 1883 wani masani mai suna Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da ta yi maganin wannan: kwaɗo mai kyau shi ne wanda ko abokin gaba ya san duk yadda aka ƙera shi, ba zai iya buɗewa ba muddin ba shi da mabuɗin. Matsalar ita ce babu wata hanya ta tabbatar da ƙarfin irin wannan kwaɗo sai a ajiye shi a fili, ƙwararru da yawa su yi ta ƙoƙarin fasa shi shekara da shekaru su kasa. To wa zai biya su? Kamfani ba ya son biyan baƙi su tona asirin kayansa. Ba ya kuma son kashe kuɗi a kan abin da abokin hamayyarsa zai ɗauka kyauta gobe. Aikin kamar yasar rijiyar unguwa ne: kowa zai sha, amma ba wanda zai shiga shi kaɗai. Nan ne kuɗin gwamnati ke shigowa.

Yadda Turai ke raba kuɗin bincike

Tun 1984 Tarayyar Turai ke da babban asusun bincike da ake sabuntawa bayan 'yan shekaru. Na 2014 zuwa 2020 shi ne Horizon 2020, mai kusan Yuro biliyan 80. Wanda ake ciki yanzu, Horizon Europe, na 2021 zuwa 2027 ne, wanda aka fara ware wa Yuro biliyan 95.5. Kuɗin na duk fannonin kimiyya ne, daga lafiya zuwa noma, amma akwai ɓangare na fasahar sadarwa da ɓangare na tsaron jama'a, inda tsaron intanet yake.

Hukumar Tarayyar ce ke fitar da sanarwa cewa ga matsalar da take so a bincika. Ba a yarda cibiya ɗaya ta nema ita kaɗai a irin waɗannan ayyuka ba. Dole a haɗa gamayya ta aƙalla cibiyoyi uku masu zaman kansu daga ƙasashe uku daban-daban, kuma a aikace sau da yawa sukan kai goma ko ashirin: jami'o'i, manyan kamfanoni, ƙananan kamfanoni, wani lokaci har da hukumomin gwamnati. Ɗaya daga cikinsu ke zama jagora, ita ke karɓar kuɗi ta raba. Masana masu zaman kansu ne ke duba takardun neman, suna ba da maki a kan abu uku: ingancin ilimin, amfanin da zai haifar, da kuma ko tsarin aiwatarwar zai yiwu. Gasar tana da zafi. A Horizon 2020 kimanin ɗaya cikin takwas na masu nema ne suka samu.

Wanda ya samu zai shafe shekara uku ko huɗu yana aiki, yana miƙa rahotanni a kan lokaci, ana turo masu bita su duba ko abin da aka yi alkawari ana yin sa. Takardun ilimin da suka fito dole a sake su kyauta, kuma akwai shafin CORDIS inda kowa zai iya duba sunan aiki, waɗanda ke ciki, da nawa aka ba su. Masu bincike na yawan kukan cewa cike takardu na cinye musu lokaci, kuma kukan nasu na da ƙamshin gaskiya. Sai dai wannan tilasta haɗuwar ita ce ke sa farfesan lissafi da injiniyan kamfanin waya zama a teburi ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa da kansa ba.

Gasar da ba wanda ya ci

Dabarar zaɓen kwaɗo ta hanyar gasa a fili Amurka ce ta fara shahara da ita. A 1997 hukumar ƙa'idoji ta NIST ta nemi duniya ta kawo sabon kwaɗo, aka karɓi 15, aka tace zuwa 5, a 2000 aka zaɓi na wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen. Shi ne AES da ake amfani da shi ko'ina yanzu.

Turai ta yi nata daga 2000 zuwa 2003, aiki mai suna NESSIE a ƙarƙashin jagorancin jami'ar Leuven ta Beljiyam. Ya tantance nau'o'in kwaɗo iri-iri, ya amince da wasu. Amma a nau'in da A5/1 da RC4 suke, wanda za a iya kira kwaɗo mai kwarara, an kawo guda shida, kuma a ƙarshe ba a amince da ko ɗaya ba. Duk an same su da rauni.

Wani zai ce an yi asarar kuɗi. A gaskiya wannan sakamako na cikin mafi amfanin abin da aikin ya samar. Da wuya a ga kamfanin da ya kashe kuɗi shekara uku ya fito ya ce duk abin da aka gwada bai yi ba. Sashen talla ba zai bari ba. Gamayyar da ba ta da kayan sayarwa ita ke iya faɗin haka. Har ta kai wasu manyan masana, ciki har da Adi Shamir, suna tambaya a 2004 ko wannan nau'i na kwaɗo yana da sauran amfani tunda ga AES.

A farkon 2004 aka ƙaddamar da wata sabuwar gamayya mai suna ECRYPT, ita ma da kuɗin Tarayyar Turai, ita ma Leuven ke jagoranta, da cibiyoyi wajen talatin. A ƙarshen shekarar ta buɗe gasa mai suna eSTREAM domin wannan nau'i kaɗai. Aka ce ana neman iri biyu: wanda zai yi sauri a cikin manhaja, da wanda zai shiga ƙaramar na'ura mai ƙarancin wuta irin katin shiga ƙofa. Kwaɗuna 34 suka shigo a 2005.

Yadda kwaɗo mai kwarara ke aiki

Duk abin da ke cikin waya, hoto ne ko saƙo, jerin 0 da 1 ne. Kwaɗo mai kwarara yana ɗaukar mabuɗi, ya riƙa fitar da nasa jerin 0 da 1 mai tsawo wanda ya yi kama da shirme. Sai a jera saƙon da wannan kwararar, a gwama su ɗaya bayan ɗaya da ƙa'ida mai sauƙi: idan biyun iri ɗaya ne a rubuta 0, idan sun bambanta a rubuta 1.

Misali, saƙo 1011 ne, kwararar kuma 0110. Gwamawar za ta ba da 1101, shi ne abin da zai bi iska. Wanda ke ɗaya ɓangaren yana da mabuɗi iri ɗaya, don haka zai fitar da 0110 ɗin nan, ya gwama da 1101, saƙon asali 1011 ya dawo. Mai karatu zai iya gwadawa a takarda.

Duk wahalar tana wajen kwararar. Idan tana da wata 'yar ɗabi'a, a ce a wani gurbi 0 ya fi 1 fitowa ko da kaɗan ne, mai haƙuri zai tara saƙonni da yawa ya bi wannan sawu har ya kai ga sirrin. Irin ciwon da ya kashe RC4 ke nan.

Cikin 34 ɗin akwai Salsa20, na wani Ba'amurke mai suna Daniel Bernstein da ke koyarwa a wata jami'a a Chicago. Ya gina shi da ayyuka uku kacal da kowace ƙwaƙwalwar na'ura ta iya: tara lambobi, juya su, da waccan gwamawar. Ana cakuɗa lambobin zagaye 20, kamar mai dama fura da ba ya tsayawa sai gari da nono sun zama abu ɗaya. Babu teburin lambobi da ake leƙawa. Wannan na da muhimmanci, domin a 2005 ɗin Bernstein da kansa ya nuna cewa AES da aka rubuta a manhaja da teburori na iya tona mabuɗinsa ta hanyar bambancin lokacin da lissafin ke ɗauka.

Ya kamata a lura da wani abu a nan. Bernstein ba Bature ba ne na Turai, kuma ba umarnin Hukumar Tarayyar ne ya sa ya ƙera Salsa20 ba. Abin da kuɗin Turai ya samar shi ne fagen dambe: tarukan da ake haɗuwa kowace shekara, shafin da ake ajiye kowane hari kowa ya gani, ma'aunin gwada sauri iri ɗaya ga kowa, da kwamitin da zai yanke hukunci. Ƙofa kuma a buɗe take ga duk mai kwaɗo daga ko'ina.

Daga nan aka shiga fasa na juna. Wasu kwaɗunan ba su kai shekara ba suka faɗi. Wasu aka yi musu kwaskwarima suka dawo, aka sake fasa su. Bernstein ya sa kyautar Dala 1,000 ga wanda ya kawo hari mafi jan hankali a kan nasa, wani mai suna Paul Crowley ya ci da harin da ya karya zagaye 5 cikin 20. A riƙe wannan suna, zai dawo. Wasu suka tura zuwa 6, zuwa 7, zuwa 8 a ƙarshen gasar, kuma ko na 8 ɗin a takarda ne, lissafin da yake buƙata ya fi ƙarfin duk kwamfutocin duniya. Wannan tazara tsakanin 8 da 20 ita ce hujjar da ake dogaro da ita, hujjar da kowa zai iya dubawa da kansa.

A watan Afrilun 2008 aka sanar da guda takwas da suka tsira. Bayan 'yan watanni, Martin Hell da Thomas Johansson na jami'ar Lund a Suwidin suka fasa ɗaya daga cikinsu, mai suna F-FCSR-H. A watan Satumba aka cire shi, suka koma bakwai. Su biyun nan suna cikin waɗanda suka ƙera Grain, wani kwaɗon da ke cikin jerin. Wato abokan takara ne suka kayar da shi, kuma haka ake so: ba wanda zai duba kaya da idon basira kamar wanda ke son nasa ya fi.

Daga takarda zuwa aljihu

A 2008 ɗin Bernstein ya fitar da ChaCha, wanda Salsa20 ne aka gyara masa yadda yake cakuɗawa. Ya gaji amincin da kakansa ya samu a gasar, shi ma masana suka ci gaba da gwada shi. Sai abin ya yi shiru na wasu shekaru.

Wayoyin hannu ne suka tashe shi. Kwamfutoci da manyan wayoyi suna da wani sashe na musamman a ƙwaƙwalwarsu da aka gina domin AES kaɗai, don haka a wurinsu yana gudu kamar iska. Ƙananan wayoyi na wancan lokaci ba su da shi. A kansu AES na da nauyi, yana jan batir, RC4 kuma da ake fakewa da shi ya lalace. A 2014 Google ya sanar da cewa ya sa ChaCha20 a Chrome na Android, haɗe da wani lissafi na Bernstein mai suna Poly1305 da ke gano ko an taɓa saƙo a hanya. Kamfanin ya ce a wayoyin da ba su da wancan sashe, ya ninka AES sauri sau uku. A 2018 aka fitar da TLS 1.3, sabuwar ƙa'idar tsare shafukan intanet, da ChaCha20 a cikin 'yan kwaɗunan da ta amince da su. WireGuard, tsarin da manhajojin VPN da yawa ke hawa, shi ma da shi yake kulle bayanai.

Sauran matsala ɗaya ita ce ajiyar cikin wayar. Tun Android 6.0 Google ya wajabta a kulle abin da ke cikin waya ta yadda ɓarawo ba zai kwashe hotuna da saƙonni ba ko ya fasa ta. Amma an ɗauke wa wayoyi masu rauni wannan doka, saboda AES zai sa su riƙa jan ƙafa. Ma'ana mai waya mai tsada yana da kariya, mai ƙaramar waya ba shi da ita, alhali kasuwannin Afirka da Indiya irin waɗannan ƙananan wayoyi ne suka cika su. A farkon 2019 Google ya fito da Adiantum, tsarin kulle ajiya da aka gina a kan ChaCha mai zagaye 12, wanda ya ce a ƙwaƙwalwar Cortex-A7 ya fi tsohon tsarin sauri kusan sau biyar. Daga Android 10 aka daina ɗauke wa sabbin wayoyi dokar. Injiniyoyi biyu ne suka ƙera Adiantum, Eric Biggers da Paul Crowley, wancan da ya ci Dala 1,000 a 2005.

A lissafa: daga buɗe gasa a 2004 zuwa Chrome shekara goma, zuwa Adiantum kusan goma sha biyar. Kuma cikin bakwai ɗin da suka tsira, dangin Salsa ne kaɗai suka bazu haka; sauran yawanci sun tsaya a takardun ilimi da wasu na'urori na musamman. Da a 2009 aka tambayi abin da kuɗin ya haifar, amsar ba za ta burge kowane ɗan majalisa ba.

Inda abin ke wari

Ba duk abin da gwamnati ta sa wa hannu ne alheri ba, musamman a harkar tsaro, inda gwamnatin da ke biyan kuɗin kariya ita ce kuma ke da hukumar leƙen asiri. A 2006 NIST, wadda ta gudanar da gasar AES cikin mutunci, ta amince da wani lissafin fitar da lambobin sirri mai suna Dual_EC_DRBG da ya fito daga hukumar leƙen asiri ta NSA. A 2007 wasu ma'aikatan Microsoft biyu, Dan Shumow da Niels Ferguson, suka nuna cewa wanda ya zaɓi wasu lambobi da ke cikinsa zai iya riƙe ƙofar baya. Takardun da Edward Snowden ya fallasa a 2013 suka ƙarfafa zargin, a 2014 NIST ta janye shi. Bambancinsa da AES a fili yake: wannan bai bi ta gasa ba, kuma ba a taɓa bayyana yadda aka zaɓi lambobin ba.

Turai ma tana da nata. Daga 2016 zuwa 2019 Horizon 2020 ya ba wani aiki mai suna iBorderCtrl kimanin Yuro miliyan 4.5. Cikin abin da ya gwada akwai na'urar da aka ce za ta gane mai ƙarya daga motsin fuskarsa yayin da yake amsa tambayoyi kafin ya tsallaka iyaka, kuma an yi gwajin a Hungari da Girka da Latbiya. Masana da dama sun ce ilimin da ke ƙarƙashin wannan da'awa ba shi da tushe mai ƙarfi. Da wani ɗan siyasar Jamus mai suna Patrick Breyer ya nemi ganin takardun aikin, aka hana shi da yawa daga ciki da hujjar kare sirrin kasuwanci, sai da ya je kotu. Aikin gayya ne, kuɗin jama'a ne, cibiyoyi ne daga ƙasashe da yawa, duk sharuɗɗan sun cika. Abin da ya rasa shi ne abin da ya sa eSTREAM ya yi daraja, wato ajiye kaya a fili ga duk mai son fasa shi. Kuma waɗanda za a fi gwada irin wannan na'ura a kansu, idan ta taɓa zama doka, matafiya ne daga wajen Turai.

Akwai kuma ciwon ƙarewar wa'adi. Aiki na shekara uku yana ƙarewa, kuɗi ya tsaya, ɗalibai su watse, manhajar da aka rubuta ta zama marainiya. Asusun bincike ya fi son sabon abu a kan gyaran tsoho. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare ɗimbin shafukan duniya, sai ga shi gudummawar da masu kula da ita ke samu a shekara ba ta wuce kimanin Dala 2,000 ba. Bayan haka Tarayyar Turai ta fara biyan masu gano ɓaraka a manhajojin kyauta irin su VLC da 7-Zip, ta kuma riƙa ba da ƙananan tallafi, galibi daga Yuro 5,000 zuwa 50,000, ta hannun gidauniyar NLnet ta ƙasar Holan, wadda WireGuard na cikin waɗanda ta taɓa tallafawa. Irin wannan tallafi mutum ɗaya ma na iya nema ba tare da digiri ba, sai dai ana so aikin ya kasance da alaƙa da Turai.

A manyan ayyukan Horizon Europe kuwa, cibiyoyi daga Najeriya da Nijar da Ghana na cikin waɗanda doka ta yarda a ba su kuɗi idan sun shiga gamayya tare da na Turai. Sai dai masu kuɗin ne ke rubuta tambayar da za a bincika, kuma damfarar sauya sim ko tsaron hada-hadar kuɗi ta USSD ba su ne ke hana Turawa barci ba.

Gayyar da ake ciki yanzu

Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa idan aka samu babbar kwamfutar kwantam, za ta warware lissafin da wayoyi da shafuka ke amfani da shi wajen musayar mabuɗi. ChaCha20 da AES masu dogon mabuɗi ba su cikin babban haɗari. Matakin da ake miƙa mabuɗin ne abin ya shafa. Ba a kai ga ƙera irin wannan kwamfuta mai ƙarfin da ake tsoro ba, amma mai hali zai iya tara kullallun bayanai yau ya ajiye har ranar da za ta samu.

Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani aiki mai suna PQCRYPTO daga 2015 zuwa 2018, wanda Tanja Lange ta jami'ar fasaha ta Eindhoven ta jagoranta. NIST kuma ta buɗe gasa a ƙarshen 2016, aka karɓi 69 a zagayen farko, da yawa daga hannun masanan Turai. Tarihi ya maimaita kansa. A 2022 Ward Beullens ya fasa wani mai suna Rainbow, wanda ya kai zagayen ƙarshe, da kwamfutar cinya a cikin ƙarshen mako ɗaya. A shekarar dai, Wouter Castryck da Thomas Decru na Leuven suka fasa SIKE, wanda ya tsira shekara biyar ana dubawa, cikin kusan awa ɗaya da kwamfuta ta yau da kullum. Da wani kamfani ne ya ƙera SIKE a ɓoye ya zuba shi a wayoyi biliyan, da labarin A5/1 ya dawo.

Wanda aka fara zaɓa a ɓangaren musayar mabuɗi shi ne Kyber, wanda NIST ta fitar a matsayin ƙa'ida a watan Agustan 2024 da sunan ML-KEM. Signal ya fara amfani da shi tun 2023, Apple ya sa shi a iMessage a 2024, Chrome ma ya ɗauka.

Mai son gani da ido zai iya buɗe wani shafi a Chrome na wayarsa, ya taɓa 'yar alamar da ke gefen hagu na adireshin, ya shiga bayanin tsaron haɗin. A nan ake rubuta sunan kwaɗon da aka yi amfani da shi. A yawancin sabbin wayoyi AES zai gani, a wasu wayoyin ko wasu shafukan kuma CHACHA20_POLY1305. A layin musayar mabuɗi zai iya cin karo da X25519, wanda shi ma aikin Bernstein ne, ko kuma X25519MLKEM768, inda aka haɗa tsohon da sabon domin idan an fasa ɗaya, ɗayan ya riƙe.